Tabo a Fata: A San Dalili Kafin a Shafa Magani

Gabatarwa

Da wuya rana ta fito ta faɗi a asibiti ba a ga wanda ya zo saboda fatarsa ta sake launi ba. Wata mace ce kumatunta suka yi baƙi tun da ta ɗauki ciki. Wani saurayi ne ƙuraje suka warke suka bar masa ɗigo-ɗigo a fuska. Wani manomi ne matarsa ta ga wani wuri ya yi haske a bayansa. Da yawa ba sa zuwa sai sun gwada mai kala biyu ko uku na kasuwa, kuɗi sun tafi, tabo kuwa yana nan, ko ma ya ƙaru.

Tabo ba cuta guda ba ne. Alama ne, kamar sawu a kan rairayi. Makiyayi yakan dubi sawu ya gane ko na akuyarsa ne ko na kura, sa'an nan ya san abin yi. Haka tabon fata yake. Yawancinsa ba shi da haɗari, da kansa yake gushewa in an yi haƙuri. Amma akwai wanda ke nuna cewa wani ciwo yana ɓoye a cikin jiki. Wanda ya yi sauri ya share sawu, bai kori kura ba.

An rubuta wannan ɗan littafi domin ku iya bambanta tabon da za a bari da wanda za a kai asibiti. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa ƴan gidansu da maƙwabta.

1. Daga ina launin fata yake fitowa?

A ƙarƙashin fatar sama akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu shi ne yin wani irin rini da likitoci ke kira melanin. Shi ne ke ba fata da gashi launinsu. Baƙin mutum da farin mutum kusan yawan waɗannan ƙwayoyi ɗaya gare su. Bambancin kawai shi ne na baƙin mutum sun fi yin rini.

Wannan rini garkuwa ne. Yana tare zafin hasken rana kada ya lalata fata. Shi ya sa manomi a ƙasarmu zai yini a gona da bazara fatarsa ba ta ƙone ba. Baƙar fata ba datti ba ce, ba kuma rashin lafiya ba ce.

Duk lokacin da wani abu ya dami fata, ko rana ce, ko ƙurji, ko ƙuna, ko susa, ƙwayoyin nan sukan ƙara zuba rini a wurin, sai ya yi baƙi. In kuwa wani ciwo ya raunana su, sai rini ya ragu, wurin ya yi haske.

Fatar sama takan sabunta kanta kamar kowane wata guda. Saboda haka in rinin yana sama-sama, a hankali zai tafi. In ya nutse ciki, kamar zanen da ya kwana a rijiyar marina, zai daɗe kafin ya kode.

2. Baƙin tabo marar haɗari

*Tabon da ƙurji ya bari.* Shi ne ya fi yawa. Ƙurajen fuska, cizon sauro, ƙazwa, kirci, ƙarambau, ƙyanda, ƙuna, tsagar wanzami, kowannensu yana iya warkewa ya bar baƙin wuri. Na sama-sama yakan kode cikin wata 6 zuwa 12. Mai zurfi yana iya kai shekaru. Matsa ƙurji da susa da farce su ne ke sa rini ya nutse. Muddin ƙurji yana sake fitowa, tabo ma zai riƙa sake fitowa, don haka ƙurjin ake wa magani tukuna.

*Baƙin fuska na masu ciki.* Mace mai ciki takan ga kumatu, goshi, karan hanci da saman leɓe sun yi duhu, dama da hagu daidai wa daida. Kan nono ma yakan ƙara baƙi, wani layi kuma ya fito daga cibiya zuwa mara. Sauyin da ciki ke kawowa a jini ne, rana kuma tana ƙara shi. Ba ya cutar da uwa ko jariri, ba sammu ba ne, ba ya nuna mace za a haifa ko namiji. Sau da yawa yakan ragu cikin watanni bayan haihuwa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna iya kawo shi ga waɗansu mata. In haka ta faru, kada ki daina sha da kanki, ki gaya wa ungozomar asibiti, akwai waɗansu hanyoyin.

*Tabon guga da na wuta.* Gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu da goshi sukan yi baƙi saboda yawan durƙuso, aiki ko sujada. Da hunturu kuma, masu zama dab da kaskon garwashi sukan ga ƙwaurinsu ya yi zane-zane kamar raga. In an ja da baya daga wutar, a hankali zai ragu.

*Baƙin lalle da turare.* Lallen da aka haɗa da rinin gashi don ya yi baƙi ƙirin yana iya ƙona fata, zanen ya kumbura, ya bar tabo na watanni. Haka ma waɗansu turaruka in an shafa su a wuya aka shiga rana.

*Tawadar Allah.* Tabon da aka haifi mutum da shi, wanda bai sake kama ba shekara da shekaru, a bar shi.

3. Baƙin tabon da ke nuna ciwo a cikin jiki

Waɗannan su ne sawun kura. Shafa mai ba ya yi musu komai.

*Baƙin wuya mai kauri.* Bayan wuya, hammata ko matsematsi sukan yi baƙi, fatar ta yi kauri da taushi, kamar datti ya daskare. Uwa takan sa soso ta yi ta dirza wuyan ɗiyarta, ba ya fita, domin ba datti ba ne. An fi ganinsa ga masu ƙiba, kuma sau da yawa alama ce cewa ciwon suga yana tafe ko ya riga ya shigo. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a fara dubawa. In an rage ƙiba aka daidaita sugan, wuyan yakan washe.

*Baƙin da ke bin inda rana ke bugu.* Bayan hannu, saman ƙafa, fuska da zagayen wuya kamar an sa sarƙa, su yi baƙi, su bushe, su tsattsage, dama da hagu. In zawo ya biyo baya, da ciwon baki, daga baya mutum ya fara ruɗewa da mantuwa, to cutar da ake kira pelagra ce. Rashin bitamin B3 ke kawo ta. Takan kama waɗanda suka daɗe ba su da abinci sai masara ko dawa zalla, da masu yawan shan giya, da waɗansu masu shan maganin tarin fuka. Mutane sukan ɗauka hauka ne ko iskoki. In an bar ta tana kisa, amma maganinta ba shi da wuya: ƙwayoyin bitamin na mako 3 zuwa 4, tare da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, wake, nono, ƙwai, kifi ko nama.

*Yaro mai kumburi.* Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta yi baƙi-baƙi tana ɓarewa kamar tsohon shafen bango, yana da tamowa mai tsanani. A kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

*Tabon da ke dawowa bayan shan magani.* Wani wuri kewayayye kamar kwabo ya yi ƙaiƙayi da zafi, wani lokaci ya yi bororo, ya warke ya bar baƙi ƙirin. An fi ganinsa a leɓe, hannu ko al'aura. Duk ranar da mutum ya sake shan maganin nan, cikin ƴan awoyi sai wurin nan dai ya sake tashi, ya ƙara baƙi. Magungunan da suka fi jawo shi su ne masu sulfa irin su Bactrim da Fansidar, da waɗansu magungunan ciwon jiki, har da parasitamol. Maganinsa shi ne a gano ƙwayar a daina ta. Ku riƙe sunanta a takarda, ku nuna duk inda za a ba ku magani, har wurin awon ciki da wurin masu raba wa yara rigakafin zazzaɓi da damina. Wanda ke sayen ƙwayoyi tsirara a hannun masu talla ba zai taɓa sanin wacce ce ba. In kuwa bayan shan magani zazzaɓi ya zo, baki da idanu suka yi gyambo, fata ta fara saluɓewa, a daina maganin a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

*Baƙin ƙwauri da kumburi.* In zagayen idon sawu ya yi baƙi, ƙafa tana kumbura da yamma, jini ne ba ya komawa sama da kyau. A riƙa ɗaga ƙafa in an kwanta, a zo a duba tun gyambo bai ɓalle ba.

*Tabo masu tudu a ƙafa ko a ganda.* Baƙaƙen wurare masu ɗan tudu, masu yaɗuwa a ƙafa, jiki ko cikin baki, tare da rama, suna iya zama alamar cutar sida. A yi awon jini. Asiri a rufe yake, kuma akwai maganin da ke maido da ƙarfin jiki.

*Sabon tabo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce.* In yana girma, bakinsa ba daidai ba, launinsa ya gauraya, ko yana zub da jini, yana iya zama ciwon daji na fata. A wurin baƙar fata a nan ya fi fitowa. Kada a kai wa wanzami ya yanke ko ya yi sakiya. In an cire shi da wuri a asibiti ana iya tsira.

4. Wurin da ya yi haske

*Ƙyasfi.* Ƙananan wurare masu haske, wani lokaci masu duhu, a ƙirji, baya, wuya da kafaɗa. In an kankara da farce sai ɗan gari ya tashi. Zafi da gumi ke sa shi yaɗuwa. Ana shafa man klotirimazol ko mikonazol safe da yamma mako 2 zuwa 4. Ko an warke, launi ba ya komawa daidai sai bayan watanni. Wannan ba ya nufin magani bai yi ba.

*Fuskar yara da hunturu.* Kumatun yaro sukan yi fari-fari su bushe. Bushewa ce. Man kaɗanya ko basilin ya isa.

*Albaras.* Wuri ya yi fari fat kamar nono, sau da yawa a yatsu, leɓe ko zagayen ido. Jiki ne da kansa ke kashe ƙwayoyin rini a wurin. Yana samun kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Wurin yana jin taɓi sarai. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba laifin kowa ba ne. A ci abinci kwano ɗaya da mai shi, a yi aure da shi. A riƙa rufe wurin daga rana, a zo asibiti da wuri, gama sabon wuri ya fi jin magani.

*Zabiya.* Yaron da aka haifa zabiya ya gaji abin daga uwa da uba duka biyu, ko da su baƙaƙe ne. Ba shi da garkuwar rana. Yana bukatar malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, aiki a inuwa, da zama a gaban aji saboda idanunsa. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a jikinsa a nuna wa likita da sauri.

5. Kuturta: tabon da ba ya jin taɓi

A nan muke roƙonku ku kasa kunne sosai. Kuturta ba da dungulmin yatsu take farawa ba. Da wuri guda take farawa, mai ɗan haske ko ja-ja kamar tagulla. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba ya gumi, gashin wurin yana iya zubewa. Saboda ba ya damun mutum, sai a ƙyale shi, ko a ce ƙyasfi ne a yi ta shafa mai. Ana cikin haka cutar tana cin jijiyoyin hannu, ƙafa da ido. Mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai ji ba, ƙaya ta soke shi bai sani ba. Daga nan gyambo da nakasa ke fitowa.

Ga gwajin da za ku iya yi a gida:

1. Ku sami ɗan zaren auduga, ku murza bakinsa ya yi tsini.
2. Ku taɓa lafiyayyar fata mutumin yana gani, ya nuna wurin da yatsa.
3. Ya rufe idanunsa. Ku taɓa lafiyayyar fata, sa'an nan tsakiyar tabon, kuna sassauyawa.
4. In yana jin taɓi ko'ina amma ban da kan tabon, a zo asibiti cikin makon nan.

Ko ya ji taɓin, in wurin ya ƙi jin maganin ƙyasfi bayan wata guda, ko hannu da ƙafa suna mutuwa, a zo a duba.

Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta. Wani likita mai suna Hansen ne ya gano ta a ƙasar Norwe a shekarar 1873. Ba la'ana ba ce, ba gado ba ce, ba abinci ke kawo ta ba. Ana ɗaukarta ta numfashi bayan doguwar zama tare da wanda bai fara magani ba, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta da kansa. Tana iya ɓoyewa shekara 5, har ma 20, kafin tabo ya fito. Har yanzu ana samun sababbin masu ita kusan 200,000 kowace shekara a duniya.

Tana warkewa sarai. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Mai tabo 1 zuwa 5 yakan sha wata 6, wanda ya fi haka wata 12. Da an fara sha, ba da daɗewa ba mutum ya daina yaɗa cutar, ya ci gaba da zama cikin iyalinsa, da sana'arsa, da wurin ibadarsa. Cibiyar Danja kusa da Maraɗi ta daɗe tana kula da masu wannan ciwo, ana kuma samun maganin ta hannun asibitocin gwamnati.

Ku san wannan tun da wuri: ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana sa fitsari ya yi ja na ɗan lokaci, wani kuma yana sa fata ta ƙara duhu. Waɗansu sukan tsorata su daina sha. Kada ku daina. Duhun zai washe a hankali bayan an gama. Launi yana dawowa, yatsan da ya tafi ba ya dawowa.

6. Man bilicin: garin neman gira a rasa ido

Ga labarin da muke ji sau da yawa. Mace ta haihu, fuskarta da sauran duhu, biki yana matsowa. Ƙawarta ta kawo mata wani mai, ko mai shago ya haɗa mata a kwalba. Mako biyu fuska ta yi haske, kowa yana yabawa. Ta daina, baƙin ya dawo fiye da dā. Ta koma, ta ƙara da mai ƙarfi. Bayan shekara biyu ko uku sai ta zo asibiti a lulluɓe, fuska kala uku, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Abubuwa uku ne suka fi yawa cikin irin waɗannan mayuka da sabulai. Ga yadda ake rubuta su a jikin kwali, ku sa a duba muku:

*Hydroquinone.* Yana hana fata yin rini. In an daɗe ana shafawa ana shiga rana, sai kumatu, goshi da wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji. Wannan baƙin ya nutse can ciki, sau da yawa ba ya fita har abada.

*Clobetasol, Betamethasone* da danginsu. Magunguna ne masu ƙarfi na ciwon fata, waɗanda likita kan bayar na ƴan kwanaki. In an mai da su man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsattsage hannu da cinya, ƙuraje da makero da ƙazwa su yaɗu, gashi ya tsiro a fuska. Suna ratsa fata su shiga jini, su jawo hawan jini da ciwon suga. In aka yi wa mace aiki wajen haihuwa, ɗinkin yana iya ƙin kamawa.

*Mercure* ko *Mercury,* wato zaiba. Guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana kai wa ga jaririn da ke ciki da wanda ke shan nono, har da yaran da ke kwana a shimfiɗa ɗaya da mai shafawa.

Da yawa ba a rubuta gaskiyar abin da ke ciki, balle wanda aka haɗa a kwalba marar suna. Hoton karas ko gwanda a kwali ba shaida ba ne. Duk man da ya sa fata ta yi haske cikin mako ɗaya ko biyu, akwai abu mai ƙarfi a ciki. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Kodebuwa ta haramta su a shekarar 2015, waɗansu ƙasashen Afirka ma sun yi haka, amma har yanzu suna cike da kasuwanni.

Ƴar'uwa, in kin daɗe kina shafawa, kada kunya ta hana ki zuwa. Kada kuma ki yanke rana ɗaya in kin yi watanni kina shafe jiki duka, gama jiki ya saba, yankewa farat ɗaya tana iya kawo kasala mai tsanani da jiri. Ki zo da mayukan, a tsara miki yadda za ki rage. Mai ciki da mai shayarwa su zo tun yau. Kada a taɓa shafa wa jariri ko yaro.

Maza, da ku ma muke. Miji ko saurayin da ke yabon fara yana kushe baƙa, shi ne ke tura mace wurin mai shago. Haka uwa ko gwaggo mai gyaran amarya.

7. Yadda ake magance baƙin tabo

*A gida:*

- A fara da tushen: a yi maganin ƙuraje, ƙazwa ko kirci, a kwana cikin gidan sauro.
- Kada a matsa, kada a sosa. A yanke wa yara farce.
- A kare wurin daga rana, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Malfa mai faɗi, mayafi, laima da inuwa suna aiki sosai. Mai hali ya sayi man kare rana mai lamba 30 ko fiye a kantin magani.
- A yi wanka da sabulu marar zafi, ba tare da dirza da soso mai kaushi ko dutse ba. A shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da sauran laima.
- Kada a sa lemun tsami, kanwa, toka, man goge haƙori, omo, jabel ko ruwan batir. Suna ƙona fata, ƙuna kuwa sabon tabo take haifarwa.
- A yi haƙuri. A duba wurin wata-wata, ba kowace safiya ba.

*A asibiti:* Likita zai duba fata a wuri mai haske, ya tambayi tarihin tabon, in da bukata ya auna jini ko ya kankari fatar a duba. Akwai mayukan da ke rage baƙin tabo, amma a kan tabon kaɗai ake ɗigawa, da dare, na ƴan watanni ƙididdigaggu, likita yana bi. Waɗansunsu ba su dace da mai ciki ba, don haka ki faɗa in kina da ciki ko kina zato. Ba mai iya yi muku alkawarin tabo zai ɓace cikin kwana bakwai. Wanda ya faɗi haka, kuɗinku yake so.

8. Ku zo asibiti ba tare da jinkiri ba in kun ga:

- wuri mai haske ko ja-ja wanda ba ya jin taɓi;
- tabo mai girma, mai sake kama, mai jini, ko gyambon da ya wuce wata bai warke ba;
- baƙin fata tare da zawo, rama, ruɗewa ko kumburi;
- baƙin wuya tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari;
- ƙuraje ko bororo bayan shan magani;
- fatar da ta lalace saboda man bilicin.

Ku zo da duk mai, sabulu, ƙwayoyi da maganin gargajiya da kuka yi amfani da su, da kwalayensu. Kada ku shafa hoda ko mai a ranar. Ku nuna kowane wuri, har wanda tufa ta rufe. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mace tana iya roƙon ma'aikaciya mace ta duba ta.

Tambayoyi domin tattaunawa a taron mata, na matasa ko na unguwa

1. Waɗanne irin tabo ne za a iya bari, waɗanne ne za a kai asibiti?
2. Wa zai nuna mana gwajin auduga?
3. Me ke sa ƴan matanmu shafa man bilicin? Wace magana ce muke faɗi a gida da ke tura su?
4. In an gano maƙwabcinmu yana da kuturta ko albaras, yaya za mu zauna da shi har ya gama shan maganinsa?

Ku tuna

Yawancin baƙin tabo yana tafiya da kansa in an kare shi daga rana da susa. Farin wurin da ba ya jin taɓi, a kai shi asibiti tun yana guda ɗaya. Kafin ku shafa komai a fata, ku san abin da ya kawo tabon, ku san abin da ke cikin kwalbar.